Mutumin da ya san hanya amma bai iya tuƙi ba

Wata ɗaliba da ke shekarar ƙarshe a sashen nazarin wasan kwaikwayo ce ta aiko da wannan tambaya: "Malam, duk littafin da na buɗe kan wasan kwaikwayon Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai na ci karo da sunan Kenneth Tynan. Mutumin nan bai rubuta wani wasa na a zo a gani ba, bai yi suna a kan dandamali ba, aikinsa kawai ya kalla ya rubuta a jarida. Don me ake jera shi da manyan marubuta da 'yan wasa? Mai sharhi yana iya sauya wani abu kuwa, ko zuzutawa ce irin ta Turawa?"

'Yata, shi kansa Tynan ya riga ki yi wa sana'arsa ba'a. Ya taɓa cewa mai sharhi mutum ne da ya san hanya amma bai iya tuƙa mota ba. Wato yaron mota, wanda ya haddace kowace kwana da kowane rami daga tasha zuwa tasha, amma ba a miƙa masa sitiyari. Sai dai akwai lokacin da direbobi suka ɓace, kowa ya koma sauraron yaron motar. A Ingila wannan lokaci ya kama daga 1954 zuwa 1963, kuma Tynan ne ke zaune a bakin ƙofa yana nuna hanya. Abin da ya sa aka saurare shi ba sihiri ba ne, ana iya bin sawunsa.

An haife shi a Birmingham ranar 2 ga Afrilu 1927. Ya tashi yana zaton sunan mahaifinsa Peter Tynan ne, ɗan kasuwa mai yawan tafiya, wanda ke kwana biyu a gida ya ɓace kwana biyu. Sai da mutumin ya rasu a 1948 yaron ya gano cewa ainihin sunansa Sir Peter Peacock, babban mutum a garin Warrington, wanda ya daɗe yana riƙe da kujerar magajin garin, yana kuma da mata da 'ya'ya a can. Bai taɓa auren uwar Tynan ba. Saurayi ɗan shekara 21 ya wayi gari ya ga cewa gidan da ya girma a ciki shi kansa wasan kwaikwayo ne, uba na ɗaukan suna ɗaya ranar Litinin wani sunan ranar Juma'a. Ba na son irin nazarin nan da ke rataya rayuwar mutum gaba ɗaya a ƙusa guda, amma da wuya ki karanta yadda ya ƙi jinin rufa-rufar masu mutunci a duk tsawon rayuwarsa ba ki tuna da wannan ba.

Yana da in'ina tun yana yaro, kuma ba ta sake shi ba har mutuwa. Maimakon ya noƙe, sai ya mai da kansa abin kallo. A kwalejin Magdalen ta jami'ar Oxford, inda ya shiga a 1945 ana cikin ƙuncin bayan yaƙi, kowa na sanye da tufafi masu duhu, shi kuwa ya riƙa yawo da kwat mai launin shunayya da riga ruwan zinare, taba sigari maƙale a tsakanin yatsunsa na tsakiya. Malaminsa a can C. S. Lewis ne, mutum mai riƙo da addinin Kirista, wanda ya saɓa da Tynan a kusan komai, amma Tynan bai daina ganin girmansa ba. Littafinsa na farko kan wasan kwaikwayo ya fito a 1950, yana da shekara 23.

Kin ce bai yi suna a kan dandamali ba. Ya hau, kuma hawan ne ya ba shi aiki. A 1951 ya fito a wani ƙaramin matsayi cikin Hamlet ɗin da Alec Guinness ya shirya. Mai sharhin jaridar Evening Standard, Beverley Baxter, ya rubuta cewa wasan yaron ya yi muni ƙwarai. Tynan ya aika wa jaridar wasiƙa yana cewa an zalunce shi, wasan nasa bai kai muni ƙwarai ba, ya dai ɗan gaza matsakaici ne kawai. Masu jaridar suka ga alƙalamin da ya fi na ma'aikacinsu kaifi. Ba a daɗe ba kujerar Baxter ta koma hannun Tynan. A 1954 kuma David Astor, editan Observer, ya ɗauke shi. Shekarunsa 27.

Sai kin san irin wasannin da ya tarar sannan za ki gane abin da ya yi. Manyan gidajen wasa na unguwar West End a Landan suna hannun 'yan kasuwa kaɗan, kuma abin da suke sayarwa iri ɗaya ne: falon wani gidan masu hali a ƙauye, tagogi dogaye masu buɗewa zuwa lambu, bara ya shigo da shayi, ana ta hirar wa zai auri wa. Talaka idan ya fito, to ya fito ne don a yi dariya da harshensa. Terence Rattigan, marubucin da ya fi kowa kasuwa a lokacin, har ya ƙirƙiro wata 'yar kallo ta tunani, Goggo Edna, dattijuwa mai rufin asiri wadda ba ta son a tayar mata da hankali, ya ce marubucin da ya ɓata mata rai ya shiga uku. Tynan ya raɗa wa wannan duniya suna Loamshire, wata gunduma da babu ita a taswira, inda ba a talauci, ba a siyasa, ba a tuna an yi yaƙi. Mako bayan mako yana tambayar ina sauran Ingila ta shiga. Daga baya ya rubuta cewa mai sharhi na kirki yana ganin abin da ke faruwa a dandamalin zamaninsa, babban mai sharhi kuma yana ganin har abin da ba ya faruwa. Yabon kai ne, amma ya faɗi gaskiyar aikinsa.

Akwai wani sirrin sana'a da littattafanku ba su cika faɗa ba. A wancan lokaci masu sharhin jaridun kullum suna fita daga gidan wasa wajen ƙarfe goma na dare, su rubuta cikin awa guda ko ƙasa da haka, a buga kafin asuba. Mai sharhin jaridar Lahadi yana da kwanaki. Ya ga abin da kowa ya rubuta, ya kwana ya tashi da wasan a ransa, ya goge jimlolinsa. Manyan jaridun Lahadi na masu ilimi kuwa biyu ne a lokacin, Observer da Sunday Times, inda Harold Hobson ke rubutu tun 1947. Muryoyi biyu ke nan ke yanke hukuncin ƙarshe. Da suka haɗu wajen yabon Waiting for Godot na Samuel Beckett a watan Agusta 1955, bayan jaridun kullum sun yi masa tsaki, wasan ya tsira. Yau da kowa ke da waya a hannu, babu mai sharhin da zai sake samun irin wannan fili, komai iyawarsa.

Ranar Talata 8 ga Mayu 1956 aka buɗe labule a gidan wasan Royal Court, inda George Devine ya kafa kamfani don neman sababbin marubuta. Abin da 'yan kallo suka gani: wani matsattsen ɗakin haya a saman bene, maza biyu sun nutse cikin jaridun Lahadi, mace tsaye tana guga. Teburin guga a kan dandamalin Landan, inda aka saba ganin kujerun alfarma. Wasan shi ne Look Back in Anger, marubucinsa John Osborne ɗan shekara 26 da ba wanda ya san shi, jaruminsa Jimmy Porter, saurayi mai ilimin jami'a da ke sayar da alawa a kasuwa, yana zazzaga wa matarsa da danginta da coci da gwamnati baƙar magana. Washegari akasarin jaridu suka ce yaron yana da baiwa amma wasan hayaniya ce. Ranar Lahadi 13 ga wata Tynan ya rubuta cewa wannan shi ne matashin bayan yaƙi kamar yadda yake, ya kuma kawo, dab da ƙarshe, jimlar da har yau ake maimaitawa: yana shakkar ko zai iya ƙaunar duk wanda ba ya son ganin wannan wasa.

Ki lura da jimlar. Bai ce wasan ba shi da aibi ba, ya ma nuna inda ya yi tsawo. Abin da ya yi shi ne ya ja layi a ƙasa, ya ce wa tsararsa ku zaɓi gefe. Kallon wasa ya zama shaidar ko kai ɗan wane zamani ne. Amma kada ki rubuta a jarrabawa cewa sharhinsa ne ya cika kujeru. Ciniki bai kankama sosai ba sai a kakar wannan shekara, bayan da BBC ta nuna wani yanki na wasan a talabijin. Tynan ya ba wasan suna da daraja, talabijin ta kawo masu sayen tikiti. Ta ƙofar da ta buɗu a Royal Court marubuta irin su Arnold Wesker da John Arden suka shigo. A gidan ne kuma Wole Soyinka, bayan ya gama karatu a Leeds, ya yi aikin karanta rubutattun wasannin da ake aikowa a ƙarshen shekarun 1950.

Dalili na biyu, wanda a wurina ya fi na farko nauyi, shi ne ya iya bayyana abin da ido ya gani. A ajinku na tarke, wato nazarin adabi, kuna da littafi a gabanku, mai sharhi ya faɗi nasa, ki koma shafin ki duba ko ya yi gaskiya. Wasan dandamali ba haka yake ba. Da an rufe labule ya tafi, na gobe wani ne daban. Abin da ya rage mana daga manyan 'yan wasan wancan zamani shi ne abin da wani ya zauna cikin duhu ya gani ya rubuta. Tynan yana gaya maka yadda ɗan wasa ya taka, inda ya ja numfashi, yadda murya ta karye a tsakiyar kalma. Na taɓa nuna wa ɗalibaina fim ɗin da aka ɗauka a 1965 na Othello ɗin Laurence Olivier, fitaccen ɗan wasan Ingila. Ba a yi minti goma ba aji ya kece da dariya: Bature ya shafe jiki da baƙin fenti, yana juya idanu, yana tafiya da wani irin rangaji da ya ɗauka haka baƙar fata ke yi. Dariyarsu tana kan hanya, ni ma abin bai taɓa kwanta mini ba, kuma Tynan na cikin waɗanda suka zuga Olivier ya yi wasan. Amma da muka karanta bayanin da Tynan ya rubuta daga ɗakin gwaji, yadda Olivier ya yi watanni yana saukar da muryarsa, da abin da ya faru ranar karatun farko, sai aji ya yi tsit. Sun gane abin da mutanen 1964 suka ji a cikin zauren, wanda kyamara ta kasa ɗaukowa.

Kaifin nan yana da wani gefe mara kyau. Ya sa Vivien Leigh, matar Olivier a lokacin, a gaba tun 1951, yana cewa mijinta na rage ƙarfinsa ne don kada ya rufe ta. A 1955 ya yi mata ba'ar da Landan ta daɗe tana maimaitawa. Matar tana fama da ciwon tarin fuka da larurar ƙwaƙwalwa. Jimla mai daɗin karantawa ba ta zama adalci don daɗinta, kuma Tynan ya sha sayar da adalci don ya sami jimlar.

Ya kuma yi kuskuren hukunci, babba. Ya kamu da son Bertolt Brecht, marubucin wasa Bajamushe, musamman bayan kamfanin wasansa, Berliner Ensemble, ya zo Landan a 1956, makonni kaɗan da rasuwar Brecht, har ya koma auna kowane wasa da mudu ɗaya: me ya ce game da al'umma? Da wannan mudun ya shiga taƙaddama da marubucin wasa Eugène Ionesco a shafukan Observer a 1958. A shekarar ce kuma The Birthday Party na Harold Pinter ya fito, Tynan ya yi masa riƙon sakainar kashi tare da sauran. An rufe wasan bayan nuni takwas. Hobson kaɗai ya ce wannan yaro shi ne mafi baiwa a Landan, sharhin nasa kuma ya fito ne ranar Lahadi, kwana ɗaya bayan an riga an kwashe kaya. Pinter ya karɓi kyautar Nobel a 2005. Hobson, wanda 'yan boko suka ɗauka tsoho ne mai ra'ayin riƙau, ya ga abin da ɗan gaye bai gani ba.

Daga 1958 zuwa 1960 ya koma New York yana yi wa mujallar New Yorker sharhi. Can ma bai zauna lafiya ba, sai da wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya kira shi ya amsa tambayoyi kan goyon bayan da ya nuna wa Kyuba.

A 1963 aka miƙa wa yaron mota wani yanki na sitiyari. An kafa gidan wasa na ƙasa, National Theatre, a ginin Old Vic, Olivier ne shugaba. Tynan, wanda bai daɗe da caccakar wasannin Olivier a gidan wasan garin Chichester ba, ya rubuta masa yana neman aiki. Olivier ya fusata, amma matarsa ta lokacin, Joan Plowright, ta ba shi shawarar ya ɗauke shi. Mai harbin nan gara a ce yana cikin gida. Matsayin da aka ba shi sabo ne a Ingila, daga Jamus aka aro shi: mai kula da zaɓen wasanni, ya karanta, ya nemo na ƙasashen waje, ya sa a fassara, ya zauna da marubuta. Ya yi aikin da gaske. A 1966 ya karanta sharhin wani wasan ɗalibai da aka nuna a bikin Edinburgh, ya nemi a aiko masa da rubutun, a 1967 Rosencrantz and Guildenstern Are Dead ya hau dandamalin Old Vic, Tom Stoppard ya yi suna dare ɗaya. A shekarar Tynan ta ƙarshe a gidan, 1973, aka nuna The Bacchae of Euripides na Soyinka, wanda gidan ne ya nemi ya rubuta.

Rigimar da ta karya shi a can tana da wani suna da kika sani daga darasin tarihin Najeriya. Shugaban hukumar gidan wasan Lord Chandos ne, wato Oliver Lyttelton, sakataren mulkin mallaka wanda ake kiran tsarin mulkinmu na 1954 da sunansa. Ya kuma yi minista a gwamnatin Churchill lokacin yaƙi. A 1967 Tynan ya dage sai an nuna Soldiers na Bajamushe Rolf Hochhuth, wasan da ke nuna cewa da hannun Churchill a hatsarin jirgin da ya kashe Janar Sikorski, shugaban gwamnatin Poland ta gudun hijira, a Gibraltar a 1943. Chandos ya ce ba a gidansa ba. Olivier ya tsaya wa Tynan, hukuma ta ƙi. Tynan ya haɗa kai da wasu aka nuna wasan a wani gidan a ƙarshen 1968. Matuƙin jirgin, wanda shi kaɗai ya tsira daga hatsarin, yana raye, ya kai ƙarar ɓata suna, ya kuma yi nasara. Ra'ayina a nan: Tynan yana da hujja cewa shugaban wasa ne ya kamata ya zaɓi wasa, ba 'yan hukuma ba, amma ya ɗora hujjar a kan zargin da ba shi da shaida, mutumin da bai ji ba bai gani ba ya sha ƙazafi. Daga nan aka rage masa matsayi. Yau ɗaya daga cikin zaurukan gidan wasan na ƙasa a bakin kogin Thames sunan Lyttelton yake ɗauke da shi, babban kuma na Olivier. Babu mai sunan Tynan.

Sai batun tacewa. Tun dokar 1737, wadda aka sabunta a 1843, har zuwa 1968, babu sabon wasan da za a nuna wa jama'a a Birtaniya sai an kai rubutunsa ofishin Lord Chamberlain, wani babban hadimin fadar sarauta, an bi shi layi-layi an soke abin da ba a so. Masu wayo sukan kauce ta hanyar mai da gidan wasa kulob na 'yan ƙungiya na ɗan lokaci. Tynan ya yi shekaru yana yaƙar wannan ofis da alƙalami, yana cikin waɗanda suka kai ga soke ikonsa a watan Satumba 1968. Ranar 13 ga Nuwamba 1965, a wani shirin dare na BBC da ake watsawa kai tsaye, ya furta wata kalmar batsa ta Turanci da gangan, in'inarsa ma ta ƙara ja mata tsawo. 'Yan majalisa suka tayar da jijiyar wuya, BBC ta fitar da sanarwar nuna takaici. A 1969 ya haɗa Oh! Calcutta!, wasan tsiraici da ya daɗe ana nunawa a New York da Landan. Ba sai na ɓoye miki ba, ban ga abin yabo a ciki ba. Mutumin da ya nemi a buɗe ƙofa don talaka da siyasa su hau dandamali, da ƙofar ta buɗe abin da ya shigo da shi ke nan. Ga da yawa daga Turawan Ingila, kalmar nan da wasan nan su ne Tynan, sharhin da ya yi shekara goma yana gogewa sun manta da shi.

Da Peter Hall ya gaji Olivier a 1973, babu wurin Tynan a sabon tsarin. Kujerarsa ta jarida kuma wasu sun daɗe da zama a kai. Huhunsa ya lalace, ciwo ne da ke da asali a jininsa, taba ta ƙarasa shi, bai kuma daina sha ba. A 1976 ya koma Kalifoniya da matarsa ta biyu, Kathleen, don neman iska mai ɗumi. Can ya rubuta wa New Yorker dogayen bayanai kan mutanen da yake sha'awa, irin su Ralph Richardson da Stoppard da Louise Brooks, tsohuwar tauraruwar finafinan da ba su da murya, wadda ya je ya samu a wani ɗan ɗaki a Rochester bayan duniya ta manta da ita. Idon yana nan, alƙalamin ma yana nan. Ya rasu a Santa Monica ranar 26 ga Yuli 1980, yana da shekara 53, aka binne tokarsa a maƙabartar Holywell da ke Oxford, kusa da kwalejinsa.

Idan kundin digirinki za ki rubuta a kansa, kada ki fara da littattafan tarihin rayuwarsa, gulma ta yi musu yawa. Nemi Curtains, tarin sharhinsa da aka buga a 1961. Ki ɗauki abin da ya rubuta kan wasan Osborne a Mayun 1956, ki nemo abin da Hobson ya rubuta kan wasan Pinter a Mayun 1958, ki ajiye su gefe da gefe. Sannan ki je wasan da 'yan ajinku za su nuna a ƙarshen zango, ki zauna a layi na biyar ba tare da waya ba, ki dawo ki rubuta shafi ɗaya kan ɗan wasa guda: yadda ya shigo, abin da ya yi da hannuwansa, inda muryarsa ta sauka. Ki kawo mini in gani.